Likitan da Ba Ya Ƙarasa Bayanin Wuya

Anti, ki taimake ni kafin kaina ya juye. Bana na gama karatu, na samu aiki a ofishin bayanan marasa lafiya na wani asibiti. Aikina in karanta abin da likita ya rubuta, in ba cutar lambarta. Zaizayewar ƙashin wuya kaɗai lambobinta daban-daban ne: idan ta danne jijiyar da ke zuwa hannu M47.22 ce, idan ta taɓa laka M47.12, idan babu ko ɗaya M47.812. Ƙa'idarmu ita ce ba a yin kintace. Abin da likita bai rubuta ba, sai a je a tambaye shi.

To, akwai wani matashin likitan ƙashi da kullum zai rubuta zaizayewar wuya, ya ajiye biro. Dole in ɗauki fayil in hau bene. Da ya gan ni sai murmushi, ya jawo mini kujera, amsar kuma tana bakinsa tun ban tambaya ba. Na bincika, Anti: bayanan gwiwa da na ƙugu, waɗanda abokin aikina yake yi, cikakku ne. Wuya ne kawai, kuma wuya nawa ne. Tun da na gano haka nake dariya ni kaɗai a mota. Jiya gishiri na zuba a shayin Baba.

Sai dai shugabata ta ce aikina ya fi na kowa jinkiri, kuma har yanzu ba a tabbatar da ni ba. In yi magana in rasa hawan benen, ko in yi shiru in rasa aikin?

Mai hawan bene

'Yata, na taya ki murnar aiki, na kuma jajanta wa Baba. Mai yiwuwa zatonki daidai ne, mai yiwuwa kuma bawan Allah sakaci ne da shi kawai. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuska ba fayil ba ce. Ko ma wanne ne, akwai mai ciwon wuya da takardunsa ke kwana a teburinki, kuma sunanki ne a kan jinkirin, ba nasa ba.

Gobe ki hau, ki gaya masa cikin ladabi ya riƙa ƙarasa bayanin, domin aikinki na rawa. Ki kuma sanar da shugabarki inda jinkirin yake fitowa. Idan ya gyara kuma shiru, kin tsira da aikinki. Idan da wata a ƙasa, ai benen da kike hawa ana saukowa ta kansa. Ki bi ƙa'idarku: abin da likita bai faɗa ba, kada ki ba shi lamba.

Allah Ya tabbatar da ke, Ya zaɓa miki mafi alheri.