Man Baƙin Yashi

Yelwa, 9 ga Maris, 1992

Ƙanwata Hansatu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da maigidanki Tamada. Tun ina koyar da kimiyya na nuna wa manyan ma'aikata abin da na haɗa, suka yi mini dariya har na bar aiki. An ba mu sabuwar jiha, amma kujerun suna hannun masu dariyar nan.

Abin bai da wuya. Baƙin yashin bakin tafki nake niƙawa, in dama da man inji. Yana zuba kamar kunu, amma da ka kusanto masa da maganaɗisu sai ya daskare kamar tuwo. Na ji jirgin ruwan Tamada na shan ruwa ta ramin da sandar farfela ke bi. In na ɗaura maganaɗisun tsohuwar lasifika a wurin, man zai toshe ramin, sanda kuma tana juyawa. Ki roƙa mini shi.

Yayanki,
Sallau

Wara, 2 ga Afrilu

Yaya,

Muna gaishe ka, yara na tambayar Kawu mai kwalabe. Tamada ya ce tun kakanninsa tsumma da kitse ake cusawa, bai taɓa jin an yi wa jirgi kunu ba. Don ni ya bari ka taɓa shi, ka san jirgin nan ubansa ya sassaƙa tun suna tsibiri, kafin ruwa ya ci garinsu. Amma tun da ka sa man ka tafi, ko ɗigo babu. Har ƙwaryar kwalfe ruwa ya ba ni, na sa wa kaji dawa a ciki. A bakin ruwa yanzu cewa yake surukinsa ya fi bature.

Allah shi bar mu tare,
Hansatu

Yelwa, 11 ga Mayu

Hansatu,

Bayan gaisuwa. Wani jami'i ya yi alkawarin zuwa ranar kasuwa ya ga aikin da idonsa. Ki ce wa Tamada ya kawo jirgin.

Akwai wata magana. Ragowar man da na ajiye a kwalba ya rabu: yashin ya kwanta ƙasa, man ya taso tsararo. Mai yiwuwa na jirgin ma haka yake yi. Kada ki gaya masa tukuna, zai ƙwaƙule ya mai da tsummansa. Ƙetare ɗaya ne kawai, daga nan ni da kaina zan cire. Na san abin da nake roƙonki ba daidai ba ne. Shekaruna sun ja, ba na jin wani zai sake zuwa.

Sallau

Yelwa, 19 ga Mayu

Hansatu,

Jami'in bai zo ba, ko aike bai yi ba. Na tsaya a mashaya da babbar rigata har kasuwa ta watse. Sai wani mai kifi ya ce jirgi ya nutse ta wajen Ngaski, bai san ko na wane ne ba. Ban tambaye shi launin jirgin ba, na ji tsoro.

Na dawo na zubar da kwalbar a bayan gida. Ban iya shiga mota in zo ba. Na ɗora miki nauyin rufe baki, alhali ke ce za ki dubi idonsa kullum. Don Allah ki rubuto, ko zagi ne.

Yayanki, in har kin yarda,
Sallau

Wara, 24 ga Mayu

Yaya,

Ina gaishe ka. Jirginmu ne ya nutse. Mutane duk sun fita, masu kamun kifi suka kwashe su. Tamada ya ce da ƙwaryar na cikin jirgi da ya kai gaɓa. Bai zarge ka ba, cewa yake ƙaddara ce, har yana tambaya ko baƙon naka ya yi fushi. Ban gaya masa ba, kuma kada ka zo yanzu.

Inji ya tafi, albasar mutane ta tafi. Jirgin ubansa yana ƙasan tafki.

Hansatu