Gado Ɗaya Ne a Akadamin, Ni Kuma Yara Biyu Ne a Hannuna

Assalamu alaikum warahmatullah, jama'ar wannan zaure. Admin, Allah ya saka da alheri, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon zancena, ni da ajami na tashi, sai da na rubuta wannan a takarda sannan na zauna ina tsintar haruffan boko a waya kamar kaza tana tsintar gero. Sunayen da za ku gani duk na aro ne.

Maganar ta samo asali ne tun shekarar da ta biyo bayan wadda aka yanke layukan waya a Borno, lokacin da mutum zai fita daga gida ba wanda zai san yana raye sai an ga ya dawo. A shekarar muka baro Konduga da ƙafa. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta daɗe ba ta iya taka ƙasa, ni kuma ga ƙananan yara, na goya wannan na rungumi wancan, na tsaya a ƙofar gida na rasa yadda zan yi da tsohuwa. Maƙwabcina mai suna Ba Kyari tela ne, ya riga ya ɗora keken ɗinkinsa a baro, kuma keken nan shi ne abincinsa da na iyalinsa. Da ya dube ni, sai ya sauke keken a bakin hanya, ya ɗauki tsohuwa ya sa a baron, ya tura ta har cikin Maiduguri. Da muka iso tafukan hannunsa sun saɓule. A gidan ƙaninsa a Lamisula ya nema mana ɗaki, muka zauna har muka samu ƙafar tsayawa. A gaban mutane na ce masa, da sunan Allah, duk ranar da ya buɗi baki ya nemi wani abu a wurina ba zai ji a'a ba. Shekaru suka yi ta wucewa, bawan Allahn nan ko allura bai taɓa nema ba.

Ni malamin allo ne, amma da ƙuruciya na buga ƙwallo, mai tsaron baya nake. Da muka koma unguwar Gomari sai na lura bayan La'asar samari na zaune a bakin titi ba aikin fari ba na baƙi, kuma duk wanda ya zauna a garin nan a wancan lokacin ya san abin da zaman banza yake jawo wa yaro. Sai na nemi wani fili, na sayi ƙwallo ɗaya da usur, na fara tara su. Abokaina malamai suka sa min suna Goni mai usur, alhali ko hanyar gonintaka, wato gwanintar haddar Alƙur'ani, ban kama ba. Ban damu ba. Sharaɗina biyu ne, ba zagi a fili, kuma da an kira Magariba kowa ya kama gabansa, mai masallaci ya tafi masallaci, wanda ba Musulmi ba ya tafi gida. Wani mai shagon kayan wuta, Sunday, shi yake saya mana jesi, kuma duk Asabar yana bakin fili yana yi wa alƙalin wasa gyaran da ba a tambaye shi ba.

To watan da ya wuce wani koci ya kira ni, yana aiki da wata akadami a wajen Kaduna wadda take renon yara don wata babbar ƙungiya. Na taɓa tura masa gola ɗaya ya ji daɗinsa, shi ya sa ya yarda da idona. Ya ce saboda halin hanya ba za su zo su duba da kansu ba, in jera masa yarana goma daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, na ɗayan za su ɗauka, ci da sha da kwana da makaranta duk a kansu, sauran kuma sai abin da Allah ya yi nan gaba. Ya ƙara da cewa kada in jera masa su da wanda ya fi iyawa yau, in jera su da wanda zai fi iyawa idan gemu ya fito. Na ce masa wannan ai gaibu yake nema in faɗa. Ya yi dariya ya ce, "Malam, manomi ma bai san damina ba, amma yana zaɓar iri."

Daga na uku zuwa na goma ban sha wahala sosai ba. Akwai mai gudu kamar barewa amma in ya isa gaban raga sai hankalinsa ya tafi Baga, akwai golan da yake da tsawo amma yana rufe ido in an bugo da ƙarfi, akwai wani ɗan tsakiya da ya iya komai sai dai kasala, kowa na san inda ya dace da shi. Na ɗaya da na biyu ne suka hana ni sukuni.

Ɗayan shi ne Modu, autan Ba Kyari. Duk Gomari in ka tambayi wa ya fi, kafin ka rufe baki za a ce Modu. Shi ke cin mana ƙwallaye, shi ne kyaftin, yara ƙanana har tafiyarsa suke kwaikwaya. Amma ni da nake tare da shi kullum na san abin da na sani. Modu ya riga sa'anninsa girma ne, ƙirjinsa ya buɗe tun suna 'yan firit, da ƙarfi yake ture su ya wuce, ƙafarsa ta hagu kuwa ta hawa keke napep ce kawai. Yanzu tsawonsa ya tsaya, ga su nan suna kamo shi. Kuma bana ce shekararsa ta ƙarshe a shekarun da akadamin take karɓa.

Na biyun Bitrus ne, iyayensa 'yan kudancin Borno, a sansanin gudun hijira suke. Siriri ne kamar karan dawa, in iska ta taso sai ka ji tsoron kada ta tafi da shi, wasu lokutan ma a benci yake farawa. Amma kafin ƙwallo ta zo ƙafarsa ya riga ya waiga ya san inda kowa yake, ƙafa biyu duk nasa ne, abin da ka gyara masa yau ba za ka sake gyara shi ba. Na ga mahaifinsa, dogo ne, yaron zai miƙe. A tsawon zamana da yara ban taɓa ganin irinsa ba. Shi ma dai ba shi da baɗi, domin ana shirin rufe sansaninsu a mayar da su garinsu, inda ko filin kirki babu balle wanda zai gan shi.

Ban gaya wa kowa zancen jerin ba sai Sunday, shi kuma bakinsa ba ya da murfi, kafin mako ya zagayo har Lamisula an ji. Rannan ina fitowa daga masallaci na tarar da Ba Kyari a ƙofar gidana. Muka gaisa da Barbarci, wushe wushe, muka yi ta zagaye kamar ba abin da ya kawo shi, ya tambayi iyali, ya tambayi zafi. Can ya sunkuyar da kai ya ce ya ji labari, ya ce ai na san babban ɗansa Bukar yana cikin 'yan gora, matasan sa-kai masu taya sojoji yaƙi, ya rasu a hanyar Bama, yanzu abokan marigayin suna zuwa suna kiran Modu, Modun kuma ya faɗa a gida cewa in ba a ɗauke shi a ƙwallo ba zai ɗauki gorar yayansa. Ya ce uwar yaron ba ta barci. Ya ce bai taɓa roƙona komai ba, amma yau yana roƙona in fitar masa da yaron nan daga garin nan. Jama'a, ina kallon hannuwansa yana maganar. Na ce masa in sha Allahu, ban san me nake nufi da ita ba.

Na sake kiran kocin na roƙe shi ya ɗauki biyu, ya ce gado ɗaya aka ba shi, shi ma da ƙyar ya ƙwato wa Borno shi, kuma in na turo wanda aka dawo da shi, ba zai iya sake buɗa baki don yaran Maiduguri ba. Matata Ya Falmata, da ta ji ina jinkiri, fushi ta yi sosai, ta ce wanda ya manta baro zai manta komai, ta ce da tsohuwa ta mutu a hanya da ban samu sararin zama ina auna ƙafar hagu da ta dama ba. Kwana biyu tuwo kawai take ajiye min ba magana. Na zaci Sunday zai tsaya wa Bitrus, sai ga shi yana cewa in sa Modu kawai, ƙwallo iska ce a cikin fata, rai kuwa ba a sayar da shi a shago. Limaminmu kuma ya ce abin da kocin ya nema shaida ce, kuma shaida ba a biyan bashi da ita. Na yi istihara, na farka zuciyata tana nan inda na bar ta.

Sai na yi wata dabara, ina fatan Allah ya ƙaryata idona. Na haɗa mana wasa da manya, masu lodi a tasha, ƙarti waɗanda ba a ture su. Na ce a raina in Modu ya tsaya a cikinsu, shikenan na huta, zan sa shi na ɗaya da zuciya fari. Ban san Ba Kyari zai zo ba, sai hango shi na yi a tsaye a gindin dalbejiya da hularsa. Aka fara wasa. Modu ya kai kafaɗa kamar yadda ya saba, ya ji kamar ya daki bango, suka gane ƙafa ɗaya gare shi suka toshe ta, yaron ya ɓace a fili, har wani daga cikinsu yana tsokanarsa wai kyaftin ko a kawo maka kujera. Bitrus kuwa ya sha faɗuwa, gwiwarsa ta goge, amma duk ƙwallon da ta bar ƙafarsa sai ta sami mai ita, kuma ƙwallo ɗayar da muka ci shi ya zura wa Modu ita a gaban raga, ta tsakanin ƙafafun mutum biyu. Da aka tashi, masu lodin ba su tambayi sunan wanda ya ci ba, sunan siririn suka tambaya. Modu ya cire jesinsa ya tafi bai jira addu'ar tashi ba.

Jiya da hantsi Ba Kyari ya sake zuwa, ya same ni ina wanke alluna. Ya zauna a tabarma, ya ce shi tela ne, ya san yadin da zai shiga ruwa ya tsuke da wanda ba zai tsuke ba, ya ga abin da na gani. Na fara rantse-rantse ina cewa alkawarina yana nan, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce, "Malam, ni na tura maka tsohuwa wuni ɗaya. Kai kuma tun yaron nan yana ƙarami kake riƙe min shi a fili, ba don usur ɗinka ba da tuni ya bi yayansa. Ni da kai mun tashi kunnen doki. Na janye roƙona, na sauke maka rantsuwarka, ka faɗi abin da idonka ya gani." Da ya miƙe zai tafi, ya yi ɗan murmushi ya ce baron ma ai na aro ne. Na raka shi har bakin titi.

Na ɗauka zan ji sauƙi, wallahi sai nauyin ya ƙaru. Da can ina iya cewa rantsuwa ce ta ɗaure ni, yanzu ba abin da zan fake da shi, ni kaɗai ne da idona. Modu bai zo tirenin ba tun ranar wasan, ɗazu na hango shi a shingen binciken 'yan gora na bakin unguwa zaune cikin abokan Bukar, bai riƙe gora ba tukuna, da ya gan ni ya kau da kai. Bitrus kuma kullum shi ke fara zuwa fili, bai ma san ana wata magana a kansa ba.

Ranar Juma'a kocin zai kira. In na ce Bitrus, na faɗi gaskiya, amma in wani abu ya sami Modu a shinge, da wane ido zan je wa Ba Kyari gaisuwa? In na ce Modu, na ci amanar wanda ya yarda da ni, na danne haƙƙin yaron da ba shi da kowa a garin nan, kuma wataƙila a dawo min da Modun kafin shekara da karyayyar zuciya. Jama'a, musamman iyaye da waɗanda suka san harkar ƙwallo, don girman Allah ku gaya min. Mutumin ya yafe min bashinsa, to ni idan wayar ta yi ƙara, sunan wa zan fara kira?