Gwaggon Da Ba Ta Cikin Littafi

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Bakina ya jawo mini abin da ya fi ƙarfina, kuma duk wanda na gaya wa a gida dariya zai yi mini. Ki yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba, ɗinki ne sana'ata.

Maigidana ya rasu bana, Allah ya ji ƙansa. Mai gyaran rediyo da talabijin ne. Shagonsa ɗan ƙarami ne, cike da akwatunan mutane da aka kwance wa baya, kowace tana nata surutun, shi kuma yana tsakiya yana musu da mai karanta labarai kamar tare suka tashi. In muna kallon fim, tun ba a je ko'ina ba zai nuna wanda zai ci amana. Sau da yawa ba ya canka daidai, sai ya ce masu fim ɗin ne suka yi kuskure. Ciwon suga ya ci masa ido a hankali. Ya rufe shago, daga baya kallon ma ya gagara. Na gwada faɗa masa abin da ake nunawa, amma kafin in ce ga mota ta taho, motar ta riga ta faɗa rami. Ya ce in bari, labarin jiya nake ba shi.

'Yarmu ce ta kawo mana wani ƙaton littafin soyayya mai yagaggen bango, ta ce in riƙa karanta masa. Da yamma sai in rufe keken ɗinki, in jawo kujera kusa da tasa. Anti, ban san ko kin taɓa karanta irinsa ba. Yarinya kyakkyawa, saurayi mai hali, sai a yi ta kwatanta labulen falo da launin mota shafi bayan shafi. In suka ɓata, ta shiga ɗaki ta yi ta kuka har takarda ta ƙare. Ni kuma ga ni ina tuntuɓe da dogayen kalmomi. Kafin in fita daga falon nan, mutumina ya yi barci baki buɗe.

Wata rana na gaji. Idona yana kan shafi, amma bakina ya kama hanyarsa. Na ce sai aka buga ƙofa, gwaggon saurayin ta shigo ba ta jira an amsa ba, ta shafa yatsa a kan talabijin, ta duba ƙura, ta tambayi yarinyar ko kukan ne yake share mata ɗaki. Maigidana ya buɗe ido, ya gyara zama, ya ce wace ce wannan kuma, ina take tun farkon littafi? Na ce tafiya ta yi, yanzu ta dawo. Na sa mata suna Gwaggo Ai-Na-Faɗa.

To, ga inda matsalar take. Gwaggon nan ban ƙirƙiro ta daga iska ba. Yayar maigidana ce, wadda ta raine shi tun yana ƙarami, duk gida muna kiranta Yaya. Ita ce mai shafa yatsa a kan talabijin ɗina tun ina sabuwa a gidan. Ita ce mai buɗe tukunyar da ba ta ɗora ba. In mai hasashen yanayi ya ce za a yi ruwa, sai ta ce gwiwarta ta riga shi sani, albashin banza yake ci. In aka nuna wani babba yana yanka ƙyalle don buɗe sabuwar hanya, sai ta ce a jira damina. In muna kallon fim, ita ce mai yi wa jarumi tsawa ya waiwaya ga mugu a bayansa, in bai waiwaya ba aka buge shi, ta tafa hannu ta ce ai na faɗa. Kaya suka yi tsada, ai na faɗa. Yaro ya fasa kofi, ai na faɗa. Ba wanda ya taɓa jin lokacin da ta faɗa ɗin, amma ba mai ƙarfin halin tambaya.

Duk wannan na kwashe na zuba a littafi. Gwaggo ta kira gidan rediyo ta gyara wa mai labarai magana har aka kashe mata waya. Gwaggo ta bi saurayin ofis da jakarta mai maganin kowace cuta. Allah ya yafe mini, har abin da ba a ambata a danginmu na saka. Yaya ta taɓa shiga shagon kaya ba tabarau, ta gaida mutum-mutumin da ake rataya wa riga, ya yi shiru, ta tsaya ta wanke shi tas a kan rashin tarbiyyar yaran zamani. Ranar da Gwaggo ta yi haka, maigidana ya yi dariya har sai da na kawo masa ruwa. Rabon da in ji wannan dariya tun yana shago.

Wani lokaci yakan ce in maimaita masa wuri kaza. Ni kuma na manta yadda na faɗa jiya, sai in sauya wani abu. Sai ya yi murmushi ya ce wannan littafi kamar alkawarin 'yan siyasa yake, kullum da sabuwar magana. Sau ɗaya ne na maimaita daidai. Na sa saurayin ya kwanta ciwo, Gwaggo ta zauna a barandar asibiti ta hana ma'aikatan jinya sakat har likita ya fito, ta ƙi cin komai sai da yaron ya ci. Ranar bai yi dariya ba. Ya juya fuska bango ya ce in sake karantawa. Ban yi tuntuɓe ba, domin haka Yaya ta yi masa a kwanciyarsa ta farko, ina tsaye ina gani.

Ashe a kwanciyarsa ta ƙarshe, ina waje wajen karɓo magani, ya ba Yaya labari. Wai akwai wata gwaggo a littafin da nake karanta masa, ita ce ta riƙe labarin, in babu ita sauran duk takarda ce. Wai lallai ta sa in karanta mata.

Tun da ya rasu, Yaya takan zo kullum da yamma ta zauna a kujerarsa. Ba ta shafa talabijin, ga ƙura har ana iya rubutu a kai. In labarai suka zo, sai ta yi ta kallon hannunta. Ko sau ɗaya ban ji ai na faɗa daga bakinta ba. Da, in ta shigo, addu'a nake ta tafi da wuri. Yanzu in ta makara, sai in ga ina leƙen ƙofa. 'Yarmu ta koma gidanta, masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, ita kaɗai ce ta san girman abin da na rasa, domin ita ma shi ta rasa.

Kwanan nan ta ce tana so ta ji gwaggon da ta sa ƙanenta dariya. Na ce littafin ya ɓata. Ta miƙe ta ɗaga tarin yadin da ke ƙarƙashin keke, ta zaro shi, domin ba a taɓa ɓoye wa Yaya abu ba. Na ce maƙogwarona yana ciwo, ta buɗe jaka ta ba ni magani mai ɗaci, ta tsaya har na haɗiye. Yanzu ta ce in ba zan iya ba, ba komai, za ta tafi da shi jikarta ta karanta mata.

Anti, kin ga inda na tsaya. In jikar ta karanta, har bangon baya babu gwaggo, sai labule da kuka, Yaya ta gane na yi ta yi wa makaho ƙarya. In ni na karanta na saka Gwaggo, da an shafa yatsa a kan talabijin za ta gane kanta, ta san da ita muka yi ta dariya a bayan idonta, ni da ƙanenta da ba zai dawo ya ba ta haƙuri ba. Ba faɗanta nake tsoro ba, na saba da shi, har kewarsa nake yi. Tsorona ta ɗauki jakarta shiru ta fita, kujerar nan ta sake zama ba kowa. Na yi tunanin in jefa littafin a ruwa in ce tsautsayi ne, amma na san za ta shanya shi shafi-shafi. Yaya zan yi?

Mai ɗinkin da ta rasa mai sauraronta

*

'Yar'uwata mai ɗinki,

Allah ya ji ƙan maigidanki, ya ba ku haƙuri ke da Yaya. Wasiƙarki ta sa ni dariya, ta kuma sa na cire tabarau na goge.

Bari in fara sauke miki kaya ɗaya. Ba ki yaudari makaho ba. Ido ya rasa, kunnensa da wayonsa suna nan. Mutumin da matar nan ta raina da hannunta ba zai ji an gaida mutum-mutumi a shagon kaya ya ɗauka marubuci ne ya yi mafarki ba. Ya gane tun ranar da aka shafa talabijin. Da ya ce littafin kamar alkawarin 'yan siyasa yake, ke yake tsokana. Ya bar ki kina tsammanin kin yi masa wayo domin wasan ya yi masa daɗi. Kuma da gangan ya tura miki Yaya. Ya san ba gwaggo a takarda, ya san dole ku biyu ku zauna ku yi maganar. Ki sake duba saƙon da ya ba ta, cewa in babu gwaggon nan sauran duk takarda ce. Godiya ce ya kasa yi mata baki da baki, ya bar miki ki isar.

Amma tsoronki ba na banza ba ne. Ba kowa ke son jin an yi dariya da shi ba, balle babba, balle a cikin rashi. Kuma ki lura da shirunta. Ina kyautata zaton ta sha yi masa faɗa a kan lafiyarsa. Wannan karon ta faɗa ɗin da gaske, abin ya faru, kalmar ta zame mata garwashi a baki, shi ya sa ta haɗiye ta. Mai irin wannan ciwo a lallaɓa ake taɓa shi.

Don haka kada ki jiƙa littafi, kada kuma ki bari ya fita daga gidan. In jika ce ta tona, asiri ya zama na dangi duka, Yaya ta ji kunya a gaban yara, wannan ne ba za ta yafe da wuri ba. Ki zaɓi yammacin da kuke ku biyu. Kada ki ɓuya a bayan shafi. Ki rufe littafin ki ɗora a cinya, ki gaya mata a taƙaice cewa labarin yana sa shi barci, sai kika ari mutumin da ya fi so a duniya kika saka a ciki, shi ne ya farka. Ki fara mata da barandar asibiti, ki gaya mata yadda ya juya fuska bango ya ce a sake. Ki bar ta ta yi kuka in ya zo. Bayan nan, in kin ga fuska, ki kawo mai hasashen yanayi da gwiwa. Mutum-mutumin shagon kaya kuwa ki bar shi a aljihu, sai in ita ta tambaya. Ko shekara ta yi ba ta tambaya ba, ba abin da ya ɓaci.

Mai yiwuwa ta yi fushi, ta yi kwanaki ba ta zo ba. In haka ta faru, kada ki zauna leƙen ƙofa. Ki ɗauki mayafinki ki bi ta gida, ki ba ta haƙuri ba tare da dogon bayani ba. Matar da ta hana asibiti sakat saboda ƙanenta ba za ta yar da matarsa saboda dariya ba.

Ni dai abin da na fi zato, za ta saurare ki har ƙarshe, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ce ita tun farko ta san ba wata gwaggo a littafin nan, kuma ta faɗa. Kada ki tambaye ta yaushe. Ki bar mata nasarar, kuma kada ki goge talabijin kafin ta zo. Ranar da kika ga ta miƙa yatsa ta shafa, ta juyo ta harare ki, ki gode wa Allah, Yayarku ta dawo.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya bar ku tare, ya kai haske kabarin wanda ya haɗa ku.