Rumbun da Suka Yanke

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka daga Kotonu, da Inna Delu da mutanen Gaffati. Yaya ƙafarka? Ni lafiya lau. Ɗakina yana ɗan yoyo, amma kamarata ba ta jiƙe ba.

Rahina ta ce an ga hotonka a wata jaridar Turawa ƙarƙashin labarin yunwa, har Kawu Nomau yana cewa na sayar da mutuncinka. Baba, a hoton da na sa kasuwa a intanet, kana tsaye ne gaban rumbunka ranar zuba hatsi. Su suka yanke rumbun, suka bar fuskarka da tsohuwar rigar gona. Na rubuta musu ban rage komai ba, na kuma janye hoton. Ka yafe mini.

Amma a gaya wa Kawu ba zan bar sana'ata ba, da ita nake ci. Da kaka ina tafe. Ka sa rigar nan dai, mu jera dammunan gero gaba da baya, ka zauna a tsakiya. Zan ɗauke ka sabon hoto, sai in ga inda za su sa almakashi.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Ɗanka,
Idirisu