Jar Da'irar da Ta Sauke Auta Daga Kan Inji

Aikin farko na yau: kai ruwan zafi asibiti kafin a buɗe sito.

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ki yi haƙuri da layin da ke sama, daga littafin ayyukana na yago takardar. Ina fata kina lafiya ke da maigida da yara, Allah ya sawwaƙe miki ciwon gwiwar nan. Mu ma muna nan gwargwadon hali. Inna tana cin abinci, sai dai ƙafa ta hana ta yawo. Matar Auta ta shiga watanta, Allah ya raba lafiya.

Yaya, akwai maganar da na kasa faɗa miki a waya. Kin san Auta ne ke tuƙa injin ɗaga kaya a siton da nake aikin magatakarda. A watan jiya yana ja da baya tsakanin layukan buhuna, sai idonsa ya tafi kan wata sabuwar jar fitila mai ƙyaftawa da aka kafa a saman ƙofa. Kafin ya maido da ido, ƙafar wani ɗan dako da muke kira Dogo ta shiga ƙarƙashin taya. Ƙashin ya farfashe, har yanzu likitoci ba su ce ƙafar za ta taku ba. Shi nake kai wa ruwan zafi kullum, don matarsa goyo gare ta.

Manaja ya ce Auta ba zai sake hawa injin ba sai an auna yadda abu mai ɗaukar ido ke fizgar hankalinsa. An ce ido ba mudu ba amma ya san kima, yau ga shi an kawo mudun auna idon kansa. Da na ji yadda gwajin yake, sai na ce bari in shirya shi, kin san halina. Na tara marafan kwalba koraye, na sa ja guda ɗaya a ciki, kullum bayan aiki in baza su a kan tabarma in ce ya nuna mini wanda na kife. Ban fasa nanata masa cewa kada ya kuskura ya kalli jan ba. Matarsa ta riƙa yi mini tsiya, wai ni da furfurata na buɗe makarantar marafai, a ajiye wa na cikinta gurbi. Auta kuwa cewa ya yi na sa masa jan marfin nan a rai har ya fi ganinsa a kan fuskar matarsa. Duk muka yi dariya. Da na san abin da maganar ke nufi, da ban yi ba.

Ranar gwaji an yarda in zauna a bayansa, a ɗan ɗakin da ke bayan ofis. Malamar da ta zo aunawa ta sa ya ɗora haɓa a kan wani ƙarfe, ga allon kwamfuta a gabansa, ƙarƙashinsa ƙaramar kyamara tana bin ƙwayar idonsa. Sai da'irori koraye su bayyana, a cikinsu akwai siffa ɗaya mai kusurwa huɗu, ita zai nemo ya danna maɓalli. Wani lokaci ɗaya daga cikin da'irorin takan fito ja. Malamar ta ce babu ɗan Adam ɗin da ja ba ya jan idonsa, ita ma kanta haka take. Abin da suke aunawa shi ne jinkirin da jan ke ƙara wa mutum, da kuma saurin sakinsa. Da aka gama ta nuna mana sawun idonsa a allon. In babu ja, layin yakan miƙe zuwa inda ake so. In akwai, can yake fara zuwa, ya kewaya shi kamar akuya a turke, sannan ya wuce. Auta ya dubi allon ya ce shi wallahi bai san ya kalle shi ba.

A bakin ƙofa na tare malamar na gaya mata zancen marafai. Ta ce akwai mutanen da in an ja musu kunne a kan abu, sai idonsu ya fara neman inda yake don ya kauce masa. Amma ta ce ba za ta iya rantsewa wannan ne ba. Watakila firgicin haɗarin ne bai sake shi ba, watakila kuma haka idonsa yake tun asali, don na'urar yawan fizgar take nunawa, ba ta faɗin dalili. Tun ranar nake juya maganar, Yaya. Wata sa'a in ce garin neman gira na rasa masa ido, wata sa'a in ce gara da aka gani kafin wani ya rasa ransa. Har yau ban tsaya a kan ɗaya ba. Da sakamako ya fito Auta bai ci ba, na roƙi manaja a maimaita gwajin, ya ce doka ta ce sai baɗi.

Jiya aka kira Auta ofis. An ce ya sauka daga kan inji, kuma gurbin aiki ɗaya ne ya rage a sito, na dako a layin buhuna, wato aikin Dogo. Na ɗauka zai ƙi. Amma sai ya ce mai jiran haihuwa ba ya zaɓen aiki, ya karɓa. Da muka fito ya roƙe ni kada in gaya wa Dogo, ya ce da bakinsa zai faɗa masa.

Abin da nake roƙonki, ki kira shi ki ba shi baki, don ya fi jin maganarki. Ya daina hira, ko tsokanar matarsa ya bari. Kada kuma ki taɓa wa Inna zancen sai na zauna da ita tukuna.

Ki gai da maigida, da Babba da ƙannensa, da surukarki. Inna tana sa muku albarka, uwar yarana da matar Auta suna gaishe ki. Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Ƙaninki na tsakiya

Na gobe, waɗanda ban gama ba:
Raka Auta ya miƙa makullin inji.
Nema masa safar hannu ta dako a ofis.
Zama da Inna.
Tsayawa a bakin ɗakin Dogo har Auta ya fito.