Layin Inna Ya Fita Babu Kai

Madarumfa, Yuli 1996

Zuwa ga Yaya Gwamna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya a Abijan. Mu nan sai godiya, ko da yake ruwa ya yi jinkiri, geronmu na Safo ya fara yaushi, ƙafar Inna kuma ta sake kumbura. Ko ƙofar gida ba ta kaiwa yanzu.

Ina nan da aikin ordinata, wato kwamfuta, a furoje, shirin nan na kiwon lafiya. Cikin na'urar na gina kowane mutum na yankinmu da sunansa da garinsu, na ɗaure shi da iyayensa da matarsa da 'ya'yansa. Mutanen Yamai suka ce ba sa iya buɗe wannan gini, sai in warware shi ya koma rubutu zalla, layi bayan layi, in aika a faifan disket. Na raina aikin, ashe auren zumuncinmu na jira na. Na'ura ta fara da ƙanenmu Hamisu, ta bi matarsa Bilki, ta shiga wajen ubanta Baffa Yahaya, ta haura wajen kakanmu, ta gangaro wajen Baba, ta sake faɗowa kan Hamisu. Haka ta yi ta zagaye kamar akuya a turke har ta sandare. Dole na ba kowa lamba, a rubuta shi sau ɗaya, duk inda aka ambace shi a sa lambarsa kawai.

A nan raina ya ɓaci, Yaya. Daraktan furoje ya ce lamba sai wanda aka tabbatar da inda yake zaune. Kai kuwa tun faɗuwar darajar kuɗin sefa ba mu ji ɗuriyarka ba, adireshin nan ma wajen wani direba na roƙo shi. Na yi gardama har murya ta dushe, ya ce ba shi ya kafa dokar ba. Haka layin Inna ya fita da lambobinmu, babu taka. Ka san ba ta kama sunanka, ɗan fari. Ta tambaye ni ko na sa "babban". Ta dube ni, ta gane, ta juya fuska bango, ba ta sake tambaya ba.

Bayan girbi za a aika wani disket. Don Allah ka rubuto, ko sunan unguwarku ne kaɗai, in mayar da kai.

Hamisu da Bilki da Goggo Ɗelu suna gaishe ka. Inna kuwa na tambaye ta ko tana da saƙo, ta ce in bari ka fara amsawa.

Naka ƙane,
Kabo