Saiwar da Ta Ratsa Katanga

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah Ya ƙara rufin asiri. Mu nan lafiya lau. Inna ta daina kukan ciwon gwiwa, ta koma kukan ba ka kiranta.

Maganar mangwaron da marigayi Baba ya shuka ce. Ka ce in sa a sare shi tunda saiwarsa ta tsaga bangon ɗakin Inna, har hannu na shiga tsagar. Daga can inda kake abin da sauƙi. Nan kuwa kwamitin unguwa ya kafa doka: ba a taɓa babban itace sai an tona an ga inda saiwarsa ta nufa, in ta shiga gidan maƙwabci, sai da yardarsa. Na yi musu dariya, na ce duk karance-karancena ban taɓa jin an binciki dangin itace kafin a yanke masa hukunci ba. Shugaban kwamitin ya ce to yau zan ƙara karatu.

Aka kawo masu haƙa. Yaya, abin da na gani sai da na cire tabarau na goge na mayar. Saiwar, kaurin cinyar ƙato, ta nutsa ƙarƙashin katanga ta shiga gidan tsohon kafinta, wanda ka san har Baba ya rasu ba sa ga-maciji saboda katangar nan. Can ta tarar da saiwar nasa mangwaron, suka manne suka zama jiki ɗaya, ba mai iya nuna inda tamu ta ƙare. Duk shekarun da dattawan nan ke kauda kai in sun haɗu a hanya, itatuwansu na shan ruwa da baki ɗaya a ƙasa.

Bisa doka aka kira tsohon. Ya shigo yana dogara sanda, rabonsa da tsakar gidanmu tun muna yara. Ya durƙusa bakin ramin, ya daɗe yana shafa saiwar. Da aka gaya masa in an sare namu nasa ma zai iya bushewa, sai ya ce ya yarda, a sare, ɗakin tsohuwa ya fi itace. Inna daga bakin ƙofa ta ce ba da yawunta ba. Ta ce haɗuwar gidajen nan biyu da ta yi shekaru tana roƙon Allah a kai ashe ta daɗe da faruwa a ƙarƙashin gadonta, don haka a rushe bangon a ja shi baya.

Haka za a yi. Kafin a gama, ta tare a ɗakinka, littattafanka kuma suna wurina, kada ka sa ran dawowarsu. In ka zo, inuwar mangwaro na jiranka.

Ka gai da maiɗakinka da yara. Goggo da Kawu da Auta suna gaishe ka, tsohon kafinta ma ya ce in gai da babban ɗan abokinsa.

Ƙaninka,
Mai tabarau